Abin da Aka Ji a Zaure, Aka Tsufa da Shi

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo bayan sallar isha'i ya san yadda yaro yake tsintar magana. Manya na zaune a zaure, maigida na murɗa akwati yana laluben Landan ko Jamus ko Kaduna, yaro na rakuɓe a bakin tabarma. Ba da shi ake ba, amma babu abin da ke wuce kunnensa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye tun 1957, don haka cikin masu jikoki a yau akwai waɗanda a bakin irin wannan tabarma suka yi wayo. Ka tambayi sa'o'inka abin da suka fahimta a wancan lokaci, za ka sha labari. Wani ya daɗe yana zaton Majalisar Ɗinkin Duniya wani makeken shago ne a Amurka, teloli jere a kan kekunansu. Wata ta ɗauka Gajeren Zango sunan garin masu karanta labarai ne, tunda kullum sai sun ce a can ake samunsu. Yara da yawa sun riƙi Marigayi a matsayin suna irin su Garba da Tanko, suna ta mamakin yadda ba a taɓa ganin mai sunan ya zo gaisuwa ba. Malam Bahaushe kuwa wani dattijo ne mai farin gemu a wani ƙauye, wanda shi kaɗai ya faɗi duk karin maganar da ake yi.

Irin wannan kuskure ba ya tsawon rai. Ranar da yaro ya furta shi a aji ko a dandali aka fashe da dariya, ranar ya rabu da shi. Ya ji kunyar yini guda, ya huta. Yana saurin mutuwa ne don na mutum ɗaya ne: kunne ɗaya ya ji ba daidai ba, sauran kunnuwa suka gyara masa. Wanda yake damuna daban ne. Shi ne kuskuren da gida duka ya ji tare, unguwa ta amince da shi, wanda in ka faɗe shi a taro kai za a gyaɗa maka. Babu mai dariya, saboda haka babu mai gyara. Shi ne ke bin mutum makaranta, ya bi shi ɗakin aure, ya zauna da shi har furfura, daga nan mai shi ya miƙa wa jikoki da zuciya ɗaya.

Wani ma a makarantar aka ba mu shi, da alli a jikin allo. Wa ya gano Kogin Kwara? Aji duka ya amsa: Mungo Park. Aka ba mu maki. Shi wannan likita ɗan Sikotilan ya isa bakin kogin ne a Segu a 1796, ya kuma rasu a Busa a 1806 a tafiyarsa ta biyu. Kafin a haifi kakan kakansa, daular Mali da ta Songhai sun yi zamaninsu a bakin wannan ruwa, Gawo da Tumbuktu sun ci kasuwa da shi, Sarkawa da Nufawa suna kamun kifi suna fito a cikinsa. Ban ce a goge sunan mutumin ba. Ya sha wuya, ya kuma kai wa mutanen ƙasarsu labarin da ba su da shi, cewa kogin gabas ya nufa. Amma yaron da aka koya wa cewa abu bai zama sananne ba sai Bature ya ɗora ido a kansa, ya fita daga aji da wani darasi na ɓoye, wato sanin iyayensa ba a lissafa shi cikin sani.

'Ya'yan wannan darasi suna nan har gobe. Ka sami dattijo ya sauke Alƙur'ani, ya yi shekaru a zauren malam yana bin littattafan fiƙihu, yana rubuta bashin kantinsa da wasiƙunsa da ajami, yana karanta rubutun da ke jikin takardar naira dubu ba tare da ya tsaya ba. In aka zo cika takarda a asibiti ko a banki aka tambaye shi iliminsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban yi karatu ba." Wa ya gaya masa haka? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, tun boko bai iso ƙasar Hausa ba. Duk lokacin da na ji wannan amsa daga bakin mai riƙe da alƙalami, raina yana ɓaci.

Mafi yawan irin waɗannan kurakurai dai daga cikin gida muka kwaso su, daga bakin waɗanda suka fi kowa sonmu. Kada ka yanke farce da dare. Kada a yi shara bayan magariba, arziki ake sharewa. Kada ka tsallaka ƙaninka yana kwance, ba zai yi tsawo ba. Kada ka leƙa rijiya, akwai dodo a ciki. In ka zauna ka duba, kusan kowanne akwai hankali a ƙarƙashinsa. Gidan da aci-balbal ce fitilarsa, wanda ya ɗauki reza da dare yatsa zai yanka, wadda ta ɗauki tsintsiya kuwa za ta haɗa da allura da ɗan kunne da kwabo ta kai juji. Mai tsallaka jariri wata rana zai taka shi. Rijiya ta ci yara ba adadi. Uwa tana da daka da ɗiban ruwa da girki da goyo a baya, ina ta ga sararin zama ta yi wa ɗan shekara huɗu bayani? Tsoro ya fi saurin shiga, sai ta yi amfani da shi, kuma ya yi mata aiki. Ba na ganin laifinta.

Illar ita ce, yaro ba ya iya raba dokar da dalilin da aka rataya mata. Tare yake haɗiye su. In ya girma, lantarki ya zo, an rufe bakin rijiya da siminti, dokar ta gama aikinta, amma dalilin ƙaryar yana nan daram. Mafi muni, ya saba da karɓar magana ba tare da "don me" ba, saboda ranar da ya taɓa tambaya cewa aka yi ya cika surutu, ko aka tuna masa cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne babba yana hangen nesa. Sai dai babban ma yaro ne jiya, kuma wani abin da yake riƙe da shi bai taɓa hango shi ba, ji ya yi.

Ɗauki maganar ƙwai. An ce in ana ba yaro ƙwai zai tashi ɓarawo. Asalin abin a fili yake: kaza dukiyar mace ce, ƙwai na ƙyanƙyasa ne ko na kasuwa, yaron da ya ɗanɗana kuwa zai riƙa zagaya akurki. Dabarar tsare jari ce aka sa mata rigar tarbiyya. Yau ga gidajen da damina ke cika musu ƙwarya da ƙwan zabi, a kai shi bakin titi a sayar wa matafiya, yaron gidan kuma yana fama da koko tsura, gashinsa ya yi ja, ƙafafu sun sirance. Wani gidan talauci ne ya sa, wannan kam ba a musu. Wani gidan kuwa maganar kaka ce kawai take aiki shekaru bayan an binne ta.

Na taɓa zuwa barka a wani ƙaramin asibiti, na tarar ana wata muhawara a bakin gadon mai jego. Haihuwar fari ce, yarinyar ta kawar da kai bango saboda kunyar ɗan fari, ko kallon jaririn ba ta yi. Kakarta ce ke riƙe da shi, ta riga ta aika a samo ruwan ɗumi da madarar akuya. Malamar asibiti ta ce a sa shi a nono yanzu. Tsohuwa ta ce a'a, wannan na farko mai kauri mai ruwan ɗorawa dakashi ne, ƙazanta ce, sai an matse an zubar, nono ya wanke tukuna. A wasu gidajen har gwaji ake yi, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji malamar, "wannan ɗin shi ne maganinsa."

"'Yar nan, tara na haifa, duk haka aka yi musu. Ke nawa kika haifa?"

Malamar ba ta ɗauko takardar shaidarta ba, ba ta kuma ce da ita jahila ba. Ta durƙusa daidai gwiwar tsohuwar ta ce, "Iya, kina kiwo?" Ta ce tana yi. "To in akuyarki ta haihu, kina matse na farkon ki zubar kafin ɗan ya kama? Wanda uwarsa ta ƙi shi bai sami na farkon ba, yaya yake ƙarewa?" Tsohuwa ta yi shiru, ta daɗe tana kallon jaririn. Can ta ce da jikarta, "Ke, juyo nan." Ta kuwa sa mata shi da hannunta.

Abin da malamar ta faɗa haka yake. Dakashi cike yake da garkuwar da jikin uwa ya tara, ita ce ke tsare hanjin jariri daga gudawa da sauran cututtuka a kwanakin da ba shi da tasa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a kuma bar shi a kan nono zalla, ko ruwa ban da, har wata 6. Amma ba wannan bayani ne ya juya tsohuwar ba. Abin da ya juya ta shi ne an girmama ta, an kuma nuna mata cewa gaskiyar tana cikin abin da ta riga ta sani da idonta, a bayan ɗakinta. Wanda ya karɓi magana daga bakin uwarsa, in ka ce masa maganar ƙarya ce, abin da yake ji shi ne ka zagi uwarsa. Masu ilimin zamani da yawa a nan suke faɗuwa, su zo da gaskiya a hannu su koma da ita.

Wani kuskuren har rigar addini ake sa masa, alhali addinin ne ya fara rushe shi. Muna yara in wata ya yi zazzaɓi, cewa ake rana ce ta kama shi, sai a fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanuka ana kaɗawa ana zaga gari don ta sake shi. Wannan wasa ne, ba ya cutar kowa. Amma a Janairun 2001, da aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun fita sun far wa otal-otal da mashaya, suna cewa zunubin da ake yi a can ne ya jawo. Ga shi kuwa masu ilimin taurari suna lissafa husufi da ranarsa da mintinsa shekaru kafin ya zo: inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata, ko wata ya gitta tsakaninmu da rana, kamar yadda aka gani da hantsin 29 ga Maris 2006, lokacin da gari ya yi duhu a Gusau da Katsina. Kuma duk ɗalibin hadisi ya san abin da ya faru a Madina ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu. Rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Magana ce da ta fito daga ƙauna, ta kuma zo a ranar da uba yake cikin baƙin ciki. Duk da haka bai bar ta ta kwana ba. Ya tashi ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. Mu da muke cewa muna koyi da shi, sau nawa muke barin ƙarya ta wuce a gabanmu don kawai mai faɗinta da kyakkyawar niyya ya faɗa?

Shan inna ya nuna mana tsadar abin, ya kuma nuna cewa ana iya sauyawa. Sunan ciwon kansa yana ɗauke da bayaninsa na da, wato Inna ta bori ce ta shanye ƙafar yaro. Wanda ya girma da wannan, in ka zo masa da ɗigo biyu a baki ka ce rigakafi ne, me ya haɗa iska da ɗigo? Alhali ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, ta kai ga lakar yaro. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Tsoron bai faɗo daga sama ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, abin da ya kai har kotu. Sai dai kuɗin wannan tsoro yara ne suka biya shi da ƙafafunsu. Kafin Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004 cutar ta bazu, daga baya aka gano irinta har Yaman da Indunusiya. Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar bakunan da jama'a suka yarda da su: Sarkin Musulmi da sarakuna, hakimai da masu unguwanni, malamai, matan unguwa masu bi gida-gida, da waɗanda ciwon ya riga ya kayar, suna tafe a kan kekunansu suna cewa iyaye ku dube mu. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Akwai guda da har yanzu ban ga an tashi masa haka ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Farfaɗiya.

Ina yaro na ga wata 'yar talla ta faɗi a tashar mota, dab da murhun mai ƙosai. Farantin gyaɗarta ya watse, jikinta ya sanƙare, sannan ya shiga karkarwa, kumfa na fita ta gefen baki. Nan take fili ya buɗe. Manya majiya ƙarfi suka ja da baya, wata mata ta fizge ni ta rufe mini ido da gefen mayafinta tana cewa, "Kada yawun ya taɓa ku!" Ta ƙarƙashin mayafin ina hango ƙafar yarinyar tana bugun dutsen murhu, zanenta ya fara hayaƙi. Wani tsoho mai gyaran taya ne ya ratso mutane, ya kama ta ta kafaɗu ya janye ta, ya kashe wutar da tafin hannunsa. Da ta farfaɗo ba ta tambayi ƙunar ƙafarta ba. Gyaɗar ta shiga tsincewa tana kuka, ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba. Babu wanda ya sake sayen komai a farantin nan ranar.

Matar da ta rufe mini ido ba muguwa ba ce, ɗan wani take karewa da abin da aka koya mata. Amma abin da aka koya mata ba gaskiya ba ne. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta numfashi, ko ta kwano, ko ta tsallaka inda mai ita ya faɗi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, saƙonnin da ke gudana a cikinta ne suke rikicewa na ɗan lokaci. Wahalar haihuwa tana jawo ta, haka buguwar kai a hatsarin babur, haka sanƙarau, haka zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa, abubuwan da duk muke da su a yalwace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai suna sha a kan kari. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabiton, tun 1912 ake amfani da shi, kuma ba shi da tsada. Addu'a ba ta hana shan magani, maganin ma ba ya hana addu'a.

Duk da haka ana cire yaro daga makaranta saboda iyayen sauran yara sun yi ƙorafi. Ana ware masa kwano da moɗa. Ana fasa aure ana gobe ɗaurawa don wani ya raɗa wa dangin miji cewa yarinyar tana bugawa, shi ya sa iyaye ke ɓoyewa, ɓoyewar kuma ta hana a kai ta asibiti. Tabon wuta da ake gani a jikin masu farfaɗiya da yawa ba ciwon ne kaɗai ya yi shi ba, har da mutanen da suka tsaya daga nesa suna kallo. Waɗanda suka matso ma sau da yawa da wani kuskuren suke zuwa: a tura cokali tsakanin haƙora wai kada ya haɗiye harshe, a danne hannu da ƙafa, a ɗura ruwa ko manja a baki, a turara hayaƙi a hanci. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokalin karya haƙori yake, ɗurar kuwa huhu take tafiya.

Abin da ake bukata kaɗan ne, kuma yaron firamare zai iya riƙe shi in an gaya masa da dalilinsa. A janye mutum daga wuta ko ruwa ko titi. A sa masa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga. Kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa. In karkarwar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ya zubo waje. In bugun ya wuce minti 5, ko ya sake dawowa kafin ya dawo hayyacinsa, ko mai ciki ce, ko ya ji rauni, a nemi mota a kai shi asibiti. In ya farfaɗo kuma a rufa masa asiri: a kori 'yan kallo, a ba shi mayafi in tufarsa ta ɓaci, wani ya raka shi har gida.